CIWON DA BA YA FITOWA A AWON JINI: YADDA AKE FARA NEMAN MAGANINSA

Jama'a, in mutum ya karya ƙafa a zango, kafin la'asar gida ya cika da masu dubiya. Wannan ta kawo koko da ƙosai, wancan ya danƙa masa 'yan sidi a hannu, wani kuma ya kwatanta gidan mai ɗori. Amma in zuciyar mutum ce ta karye, wato barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi, shi da iyalinsa ba sa iya haɗa magana uku ba tare da faɗa ba, to ba mai zuwa dubiya, domin ba wanda ya sani. In ma an sani, maganin da muke bayarwa guda ɗaya ne: a yi haƙuri.

Haƙuri abu ne mai kyau, ba mu musa ba. Sai dai mai hawan jini ma yana haƙuri, kuma yana shan ƙwayarsa. Saboda haka a wannan wata muka ga ya kamata mu yi magana a kan wata hanyar jinya wadda da yawanmu, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara har Aboabo da Asawase a Kumasi, muke jin labarinta daga nesa. Ita ce mutum ya je ya zauna da wanda aka horar musamman, su tattauna damuwarsa mako-mako har a sami sauƙi. Me ake yi a can? Wa ake gani? Yaushe ya kamata a fara?

ABIN DA YA SA MUKE JA DA BAYA

Tsoronmu yana da tushe. A shekarar 1888 Turawan mulki suka kafa dokar tsare masu taɓin hankali a wannan ƙasa, kuma a 1906 aka buɗe babban gidan ajiye su a Ankara, wanda har yau unguwar Asylum Down take ɗauke da sunansa. Daga baya aka gina asibitin Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da na Pantang a 1975. Shekara da shekaru, wanda aka kai waɗannan wurare shi ne wanda ya tuɓe tufafi ko ya ɗauki adda. Da haka kakanninmu da iyayenmu suka tashi, da haka mu ma muka tashi: mutum ko dai lafiyarsa lau, ko kuwa mahaukaci ne. Ba mu bar wani fili a tsakani ba, alhali a wannan fili ne yawancin masu wahala suke zaune.

Sa'an nan ga zaman zango. Mu 'yan tsiraru ne, kowa ya san kowa. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, in ka yi tari maƙwabci ya ji. In za a yi aure sai an yi bincike, kuma kalma ɗaya, cewa an taɓa ganin uwar yarinya a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, ta isa ta mayar da goro. Don haka iyali sukan gwammace su rufe ƙofa su kira abin rufin asiri.

To, abubuwa sun canja, ko da yake labarin bai shigo lungunanmu sosai ba. A 2012 majalisar dokoki ta yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta kafa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta kuma karkata aikin daga manyan asibitocin nan uku zuwa asibitocin gunduma da na unguwa. A 2013 wata doka mai lamba 857 ta kafa majalisar da ke ba masana halayyar ɗan'adam da masu ba da shawara lasisi. A 2017 shugaban Hukumar na lokacin, Dakta Akwasi Osei, ya ba da sanarwar hana ɗaure marasa lafiya da mari. A 2023 aka soke dokar da ta mayar da yunƙurin kashe kai laifi, don haka wanda ya kai wannan matsayi yanzu likita ake nema masa maimakon ɗan sanda. Daga watan Nuwamba na 2024 kuma aka shigar da cututtuka huɗu na ƙwaƙwalwa cikin inshorar lafiya ta ƙasa, har da ciwon damuwa da ciwon fargaba.

YAUSHE BAƘIN CIKI YAKE ZAMA CIWO?

Kowa yakan shiga ɓacin rai. Wanda aka yi wa rasuwa, ko kasuwa ta karye masa, dole ya ji a jikinsa, kuma yawanci lokaci da jaje da addu'a suna warkar da shi. Abin da masana suke dubawa shi ne daɗewa da nauyi. In mutum ya yi mako 2 ko fiye, kusan kullum, ransa a jagule, abin da yake so da can ya daina burge shi, barci ya lalace, cin abinci ya ragu ko ya yi yawa, ba ya iya tattara hankalinsa ko a salla ko a lissafin ciniki, yana ganin kansa ba shi da amfani, to wannan ya wuce ɓacin rai na yau da kullum. Shi ake kira ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya.

Mu nan ba kasafai muke cewa muna baƙin ciki ba. Jiki ne yake yi mana magana. Sai ka ji mutum ya ce tsakiyar kansa na zafi, ko wani abu na yawo a cikin jikinsa, ko gabansa na faɗuwa ba dalili, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya sha maganin maleriya, ya sha na taifot, an auna jini sau uku ba a ga komai ba. Irin wannan mutum ba ƙarya yake yi ba, kuma ba raki ba ne. Abin da ke damunsa ne ba ya fitowa a awon jini.

Akwai waɗanda ya kamata mu sa wa ido musamman. Na farko mai jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Ana gama shagalin suna kowa ya watse, a bar ta da kuka da rashin barci, in ta ƙi ɗaukar jariri a ce ba ta da tausayi. Na biyu matan da mazansu suka yi shekaru a Jamus ko Italiya ko Amurka, aure ya koma waya, ita kuma tana zaune da dangin miji. Na uku samarin da suka dawo daga Libiya da abin da suka gani a sahara da gidajen tsarewa, ba su faɗa wa kowa ba, sai dai a ga sun koma wa tiramol. Na huɗu magidancin da aiki ya kuɓuce masa, kuɗin cefane ya gagara, ya zama ba a taɓa shi sai ya fashe.

Akwai kuma halin da ba a jira. In mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana raba kayansa yana sallama da mutane, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, to ranar nan za a kai shi asibiti. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da magunguna da igiya daga inda yake. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin a zuciya. Sau da yawa ita ce ke buɗe masa baki. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

WA ZA A GANI?

Masu wannan aiki iri-iri ne, kuma sanin bambancinsu yana rage tsoro. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda cikakken likita ne da ya ƙara karatu a wannan fanni, shi ke rubuta magani in ciwo ya yi tsanani. Akwai masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda aikinsa gwaji da jinya ta hanyar tattaunawa, ba ya rubuta ƙwaya. Akwai mai ba da shawara da aka horar, wanda ya fi duba matsalolin aure da tarbiyya da makaranta da rashi. Akwai kuma nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa da ake samu a asibitocin gunduma da na unguwa, waɗanda su ne suka fi kusa da talaka.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ɗauki katinsa ya je asibitin da ya saba zuwa, ya gaya wa likita duk abin da yake ji, na jiki da na zuciya. Wannan yana da amfani biyu. Na ɗaya, za a fara duba jiki, domin ƙarancin jini da ciwon sukari da matsalar ƙwayar maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo duk suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba. Na biyu, likita zai tura shi inda ya dace. Manyan asibitocin koyarwa na Korle Bu a Ankara, da Komfo Anokye a Kumasi, da na Tamale, duk suna da sashen wannan aiki, kuma ƙofar da kowa ke shiga ita ake shiga. Wanda ya zaɓi zuwa wurin mai zaman kansa, to ya tambaya ko yana da lasisin majalisar da muka ambata. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. A tambayi kuɗin kowane zama tun kafin a fara, a kuma tambayi abin da katin inshora ya ɗauke da abin da bai ɗauke ba.

RANAR FARKO

Zaman farko yakan ɗauki minti 45 zuwa awa 1, kuma yawancinsa tambayoyi ne. Me ya kawo ka? Tun yaushe? Yaya barci, yaya ci? Da wa kake zaune? Akwai abin da kake sha? An taɓa yin irin wannan a dangi? Ba a yin allura, ba a kwantar da mutum don ya zo hira. Ba dole ne kuma a zazzage komai a rana ɗaya ba. In an taɓo wurin da bai shirya ba, yana da iko ya ce a bar wannan tukuna. Wanda ya yi kuka kada ya ji kunya, sun saba gani.

Yana da kyau kafin a tafi a rubuta abu biyu ko uku da aka fi so su canja, alal misali a sami barci, ko a daina dūkan yara cikin fushi, ko a iya magana da maigida ba tare da ihu ba. A tafi da kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya.

Maganar sirri ita ce ta fi damun mutanenmu. Ƙa'idar aikinsu ta hana su faɗa wa miji ko uwa ko maigidan aiki abin da aka tattauna ba tare da izini ba. Inda kawai ake keta wannan shi ne in rai na cikin haɗari, nasa ko na wani, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta nema. Mutum ya tambayi wannan a zaman farko ya ji da kunnensa.

Sai matsalar harshe. Yawancin masu wannan aiki da Turanci ko Tuwi suke yi, mu kuwa ko muna ciniki da su a kasuwa, da Hausa muke kuka. A tambaya ko akwai mai jin Hausa a sashen, domin akwai 'ya'yan zango da 'yan arewa a cikin nas-nas. In dole sai da tafinta, to kada ya zama ɗan cikin mutum, kada kuma ya zama wanda ake kuka da shi. Uwa ba za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ta bakin ɗanta ba.

In an yi zama uku ko huɗu mutum ya ga jininsu bai haɗu ba, ko ana raina addininsa da al'adarsa, ya nemi a canja masa wani. Don tela ɗaya ya ɓata riga ba a daina sa tufafi.

YAYA MAGANA ZA TA ZAMA MAGANI?

Wani zai ce, in dai hira ce, ai muna yi kullum a majalisar ataya. Bambancin shi ne wannan hira tana da tsari da manufa da aikin gida. Hanyar da aka fi amfani da ita, wadda wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ya tsara a shekarun 1960, ta ginu ne a kan cewa tunani da yanayin zuciya da aiki suna jan juna. Alal misali, mace ta gai da maƙwabciyarta a bakin famfo ba ta amsa ba. Nan take ta ce a ranta duk gidan nan sun tsane ta. Ranta ya ɓaci, ta shige ɗaki, ta daina fita suna da biki. Da mutane suka ga ta janye su ma suka janye, sai ta ce ga shi kuwa, abin da ta faɗa ya tabbata. Mai jinya zai zauna da ita su warware wannan zare. Mece ce shaida? Akwai wata fassara, kamar maƙwabciyar ba ta ji ba, ko ita ma da tata damuwar? Sa'an nan ya ba ta ɗan aiki: wannan mako ki je gaisuwa gida ɗaya, ki dawo mu ji yadda aka yi. Da kaɗan-kaɗan ake komowa cikin mutane. Irin wannan jinya takan ɗauki zama 6 zuwa 20, sau ɗaya a mako.

Kada a ɗauka wannan ilmi baƙo ne gare mu. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi mai suna Masalih al-Abdan wal-Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya kuma yi bayanin yadda ake gyara tunani da tunani, da amfanin samun wani amintacce a waje wanda zai yi wa mutum magana.

A nahiyarmu ma an gwada an gani. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya cikin zama 6. A binciken da aka buga a 2016, bayan wata 6 kimanin 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su zauna ba kusan 50 cikin 100 ne.

Wani lokaci magana kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da ƙwaya. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da shawarar likita. Haka ita ma tattaunawar, makonnin farko suna iya yin nauyi, domin wanke gyambo da zafi. Da yawa a nan suke gudu, alhali sauƙi na gaba kaɗan.

IN MATSALAR TA AURE CE

Mun gaji hanyar sulhu mai kyau. In miji da mata sun saɓa, a kira waliyyai, in ta faskara a je wurin liman ko sarkin zango. Wannan hanya ta ceci gidaje da yawa. Sai dai takan tsaya a kan wa ke da laifi, a ba shi rashin gaskiya, a ba ɗayan haƙuri, a tashi da addu'a. Bayan wata biyu a dawo kan maganar nan dai. Akwai kuma abubuwan da mace ba za ta iya faɗa a gaban kawunta ba, namiji ma ba zai faɗa a gaban surukinsa ba: matsalar shimfiɗa, rashin haihuwa, bashi, binciken waya, zafin kishi bayan an yi amarya.

Mai jinyar ma'aurata ba alƙali ba ne. Abin da yake nema shi ne zagayen da faɗan yake bi. Ita ta yi ƙorafi, shi ya yi shiru ya fice, shirun ya ƙara tunzura ta, ƙorafin ya ƙara korarsa. Sai ya koya musu yadda ɗaya zai yi magana ɗaya ya saurara har ya maimaita abin da ya ji, da yadda za a tsai da magana in rai ya ɓaci a dawo mata bayan an huce, da yadda za a zauna a yi lissafin kuɗin gida a fili. Ba aikinsa ba ne ya raba aure, ba kuma aikinsa ba ne ya tilasta zama.

Yawanci mace ce ke fara yarda. Yadda aka gabatar da maganar yana da muhimmanci. In ta ce, "Kai ne mai matsala, sai an duba ka," ba zai je ba. In ta ce, "Maigida, zaman nan yana ba ni wahala, na san kai ma haka, ka raka ni mu ji abin da za su ce," ta fi kusa da samunsa. In ya ƙi, ta fara ita kaɗai, domin in hannu ɗaya ya canja kiɗa, rawa ma takan canja.

Amma fa in akwai dūka ko barazana, to ba a fara da zaman mutum biyu, domin abin da ta faɗa a ofis za ta biya shi a gida. Tsira ake fara nema. Dokar hana cin zarafi a cikin gida mai lamba 732 ta 2007 tana nan, kuma 'yan sanda suna da sashe na musamman, DOVVSU, don irin wannan, ga kuma ofishin jin daɗin jama'a.

TSAKANIN MALAM DA LIKITA

Kusan kowane ɗayanmu wurin malam zai fara zuwa, a yi addu'a, a yi ruƙiyya, a sha rubutu. Ba wanda ya ce a bar addu'a. Mai karaya ma ana yi masa addu'a kuma ana ɗaure ƙafar. A Kumasi da Ibadan an yi wani bincike ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, aka buga shi a 2020, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a suna aiki tare a kan masu taɓin hankali. Waɗanda aka haɗa musu hannu biyu sun fi samun sauƙi. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne mari da bulala da hana abinci, ko a ce wa mara lafiya ya zubar da maganin asibiti, ko a ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Wannan kalma ta ƙarshe ta rufe bakin bayin Allah da yawa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan magana a huɗuba da wa'azin aure, su kuma san sunan nas ɗin da ke asibitin unguwarsu, yadda in abu ya fi ƙarfin nasiha za su ce je ka wurin wane. Muna roƙon magajiyoyi da ƙungiyoyin mata masu adashi su riƙa leƙa mai jego bayan an kwashe kujerun suna. Muna roƙon iyaye su bar 'ya'yanmu su karanci wannan fanni, domin ranar da tsohuwa za ta shiga ofis a ce mata, "Mma, sannu da zuwa, zauna ki gaya mini," rabin tsoron ya tafi. Mu kuma sauran jama'a, in mun haɗu da ɗan unguwa a layin wannan sashe, mu gaisa, mu yi masa fatan sauƙi, mu bar maganar a can.

Wanda ya karanta wannan ya ga kansa a ciki, kada ya jira sai abin ya kai ga mari ko ga saki uku. Ya zaɓi rana a cikin makon nan, ya ɗauki katinsa, ya nemi amini ɗaya ya raka shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a gyara masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na fili da na ɓoye, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.